Rijiyar Baba Modu Ba Rami Ba Ce

Zuwa ga mai girma Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Unguwarmu ta bayan Ƙofar Kabuga,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ni ne Malam Bukar, tsohon malamin firamare, mai gidan ƙasan nan na jikin masallaci. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka ana ce mini kana hutawa. Na gaji, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya gani.

Na farko, ɗan littafin tarihin unguwa da kuka raba mana ranar walima. Sau biyu na karanta shi, har da goge tabarau, ko idona ne. Wai nan daji ne ba kowa, sai da aka yanka filaye masu hali suka zo suka raya shi. To Alhaji, mu da kuka tarar aljanu ne? Mahaifina, Baba Modu, shi ya taso da mu daga Jakara da gidan gado ya yi mana kaɗan. Ya kafa bukka a nan, ya haƙa rijiya gaba tara da hannunsa. Ina da wayona, a gabana aka yi. Ranar da ruwa ya ɓullo ya tara maƙwabtan gona suka shaida ya yi waƙafinta: ba a sayarwa, ba a gado, ba a hana kowa. Amma masu rubuta tarihinku gidan masu takardar fili kawai suka bi. A wurinsu wanda ba shi da takarda bai taɓa zama a nan ba.

Na biyu, a shafin ƙarshe kun kira rijiyar "tsohon rami mai hatsari", kuma na ji ranar Asabar za a kawo tifa a cike ta, a gina ɗakin mai gadi a kai. Rami! Bulon gidajen layin farko, har da naku, da ruwan ina aka buga shi? Duk ranar da aka ɗauke wuta burtsatsenku ya yi shiru, a ina 'yan garuwa suke layi? Na san za a ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ai ba bara nake tunawa ba, da safen nan na yi alwala da ruwanta. In hatsari ne, murfi ake yi. Tun kafin azumi na kawo maƙeri ya auna bakinta, ku kuka ce a jira zaman kwamiti, har yau ana jira.

Na uku, wanda wallahi ban so faɗa ba. Ranar da mahaifinka ya rasu, Allah ya jiƙansa, kana hanya, kuma babu ko ɗigon ruwa a gidanku. Ni na ja guga bakwai daga rijiyar nan. Da shi aka yi masa wanka, da shi masu sallar jana'iza suka yi alwala. Ban taɓa gaya maka ba, don Baba ya hana mu gori a kan ruwa. Yau kun sa na saɓa masa, kuma abin ya yi mini ciwo.

Roƙona kaɗan ne. A dakatar da tifar nan. A bar ni in sa murfin ƙarfe. A gyara littafin, a zauna da tsofaffin da suka rage kafin su ma a rasa su. Ɗakin mai gadi kuwa, ga fili nan a gefen gidana na ba ku.

In kun ƙi, ranar Asabar za a tarar da ni a bakin rijiyar da tabarmata. In direban ya iso zan ja masa ruwa ya sha tukuna, tunda ba a hana kowa.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya yi riƙo da hannunka a shugabancin nan. Ranar da za a wanke ni da kai kuma, Allah ya sa a sami ruwa a kusa.

Wassalam.

Malam Bukar, ɗan Baba Modu mai rijiya.