Ɗana yana koyon ƙishirwa

Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, aminina ya ci amanata, shi ya ɗauki babban ɗana a motarsa ya kai shi Agadas, ya dawo ya zauna kan tabarmata yana taya ni jimami.

Direba ne, tare muka yi kiwon awaki a Matankari muna yara. Da yaron ya ɓace har Gesheme da Dumega na je cigiya, in na dawo a gajiye shi ke miƙo mini ruwa yana cewa in yi haƙuri. Sai da yaron ya kira uwarsa daga bakin iyakar Aljeriya muka san gaskiya. Tun kafin damina ba mu sake jin muryarsa ba.

Da na tuhumi aminin nawa ko musu bai yi ba. Wai me na ajiye wa yaro a gida? Gonar gado mun raba ta har ta koma kamar tabarmar salla, hatsinta ba ya kai mu bazara, yaro ya gama lakwal, wato boko, da takarda a hannu yana tura kura a kasuwar Dogon Dutsi, yarinyar da yake so ta zaɓi wanda ya dawo daga Libiya da babur. Wai taimako ya yi. Abin da ya fi ƙona ni, na rasa wadda zan ce ƙarya ce.

To ga abin da ya kawo ni gare ku. Ƙanen yaron, shi kaɗai ya rage mini namiji, ya daina shan ruwa da rana. Muna noma in miƙa masa gora ya girgiza kai. Na zaci azumin nafila yake tare da samarin masallacinsu, har yabonsa na yi gaban mutane. Ashe tuwo yana ci. Uwarsa ta matsa masa, ya ce jikinsa yake horarwa saboda hamada, wai direban ya faɗa musu mai jure ƙishi shi ke isa. Jiya leɓensa duk ya tsage, yana murmushi wai ya kai la'asar.

In na kai direban nan gun jandarma aka kulle shi, shi kaɗai ya san waɗanda ya miƙa wa babban ɗana, igiyar ta tsinke ke nan. In na yi shiru, ana gama girbi zai ɗauke mini wannan. Yaron ya wuce duka, kuma ba ni da abin da zan nuna masa in ce zauna ga naka. In ku ne wanne za ku yi?

Da safen nan na sami direban a tasha yana ɗaure kaya. Na ce masa, "Abokina, ka kai ɗaya ban san ko yana da rai ba. Ranar da za ka ɗauki na biyu ka bar mini kujera kusa da shi, in ba haka ba ta kaina motarka za ta bi. Ba zan sake zama kan tabarma kana ba ni ruwa ba."