Ƙafar Mai Tsoro

Harobanda, Yamai

Zuwa ga taubashina, Ousmane makaniki, a Maradi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya.

Ɗanka Faisal, yaron wajena, ya shiga jigilar 'yan kasuwa a hanyar Torodi, ka kuwa san halin da hanyar take ciki. Kwanan baya masu bindiga a kan babura suka tare motar da ke bayansa. Tun ranar Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta cin abincin kirki.

Ya ƙi barin aikin. Ya ce ƙarfi zai ƙara wa tsohuwar motarsa mai silinda takwas, da sabon karburato, abin haɗa wa inji mai da iska, mai baki huɗu. Iri biyu aka nuna masa a garaji. Ɗaya, da zarar an taka mai, bakunansa na baya suke buɗewa. Ɗayan kuwa zuƙar iskar inji ce ke buɗe su sannu a hankali. Na farkon yake so, wai mai gudun ceton rai ba ya jira.

Ni alƙalami na sani. Ka ba ni shawara.

Naka,
Mansur

*

Maradi

Bawana Mansur, wa alaikumus salam. Ashe akwai ranar da mai kwat zai nemi mai baƙin hannu.

To, wasa gefe. Na farkon, mai buɗewa nan take, na mota maras nauyi ne, da direban da hankalinsa ke kwance, mai taka mai daidai-daidai. Motar Faisal tana ɗauke da buhuna da mutane. Kuma wanda aka biyo da bindiga ba ya takawa da lissafi, ƙafarsa har ƙasa take zuwa lokaci guda. Bakuna huɗu su wage, iska ta yi wa inji yawa, ya shaƙe. A daidai nan babur yake cim masa.

Na iska ba ya biye wa ƙafar mai tsoro, sai abin da inji zai iya haɗiyewa yake ba shi. Ga shi nan na ba direban bas ya kawo muku. Ka tsaya a kansa har a ɗaura.

A gaida Hajiya, ta ci abinci.

Ubangidanka,
Ousmane

*

Harobanda, Yamai

Ousmane, salamu alaikum.

Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Faisal bayaninka, ya durƙusa ya ce ya ji, ni kuma na ji nauyin bin sa har garaji, tunda ya zama babban mutum.

Jiya ya tafi. Yau yaron garajin ya kawo mini naka a kwalinsa, ko buɗe shi ba a yi ba. Ashe wancan na farkon Faisal ya sa aka ɗaura. Wayarsa ba ta shiga, an ce babu rezo a yankin. Ban gaya wa Hajiya ba.

Ka faɗa mini gaskiya, kada ka lallashe ni: idan injin ya shaƙe, yakan farfaɗo da kansa?

Ka sa mu a addu'a.

Mansur