Shirun cikin Bilkisu

Zuwa ga jikana Zaharaddeen, angon da ya gudu karatu ya bar ni ina tsufa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, Ya tsare ka da sanyin ƙasar mutane. Mu nan Boyekai sai godiya. Kawunka Halliru ya cire albasa, gwiwata kuma tana nan da halinta.

Ka tuna zuwanka da sallah, na tambaye ka mi kake karantawa shekara da shekaru, ka ce ƙwan kifi kake kallo? Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, ga dam cike da kifi amma sai ka ƙetare teku. Ka daure ka ce ɗan kifi tun yana cikin ƙwai, bai ga komai ba, babu mai taɓa shi, yake murɗa jiki shi kaɗai. Wai jijiyoyin lakar bayansa ne ke tashi da kansu, da haka suke haɗuwa har dama da hagu su iya karɓa-karɓa. Ka ce shurin ɗan mutum a ciki ma koyon tafiya ne.

To, ƙanwarka Bilkisu ta shiga wata tara, sai cikin ya yi shiru yini guda cur. Tsofaffin gidan mijinta sunka ce alheri ne, mai kunya za ta haifa. Haka aka gaya mini a cikina na fari, kuma wannan ɗan ban taɓa jin kukansa ba. Na ce yaron da ke koyon tafiya ba ya bari haka kawai. Surukarta ta tambaye ni yaushe na zama likita, na ce tun da jikana ya auri kifi. Na tasa mijinta Maccido gaba, munka kai ta asibiti Goronyo. Likita ta ce cibiya ce ta naɗe wuyan ɗan, aka yi aiki nan take. Ta ce da mun kai gobe, sai dai haƙuri.

Namiji ne, yana tsotso, yana kuka har maƙwabta na ƙorafi. Ranar suna Maccido ya sa masa sunanka, don haka na yi sabon ango, kai na sake ka. Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan.

Halliru da matarsa Mairo suna gaishe ka. Bilkisu ta ce ta gode, sauran maganar kuka ya hana ta.

Kakarka,
Lami