Na Uku Daga Hagu

Laraba, Agege

"Wannan ba Baba ba ne," in ji Gwaggo Ladi da na kai mata hoton sojojin yaƙin Bama ɗazu. "Kukunsu ne. Baba ga shi can. Ko kuwa wancan."

Tun muna yara na uku daga hagu ake nuna mana, a ce Kaka ne, mahaifin Gwaggo Ladi. Shi muke yi wa addu'a. Gwaggo kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san fuskarsa, ga yanar ido ta kama ta.

"Gwaggo, ki sake dubawa."

"'Yar nan, ai duk hularsu ɗaya."

Ni da digirin tarihi, na rasa wanda zan tambaya. Na ja mata ƙofa, na fita neman motar danfo.