Daƙiƙa Casa'in

Litinin da safe

Kawu,

Ina gaisuwa. Ya gwiwar, ya Inna? Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Na ga dutse a sararin samaniya. Ka san aikin, shekara ashirin ka yi a gidan madubin hangen taurarin nan kafin ka yi ritaya: a ɗauki hoto huɗu na gefe guda na sama, a jera su, taurari su tsaya cak, abin da ya matsa shi ake nema. To ɗazu ina duba hotunan jiya sai ga wani ɗigo yana tafiya, da gudu kuwa. A lissafina bai fi motar bas girma ba, kuma kusa da duniya zai gifta. Na kai wa Dakta, shugaban gidan. Ko gilashinsa bai sa ba ya ce ƙura ce. Ni da nake goge madubin da hannuna, ni za a koya wa kamannin ƙura? Don dai ba ni da takardar jami'a, littattafan sito na karanta tsakanin shara da goge daɓe.

Na tura rahoton zuwa cibiyar tattara bayanai ba da izininsa ba. Ya ce in har ba wanda ya sake ganin abin, in ajiye masa makullai in kama gabana. Ran Alhamis dutsen zai shige hasken rana, shi ke nan ya ɓace mana. Mu nan hadari ya rufe mu ruf, ku kuwa samanku garau. Na liƙa maka inda zai kasance. Don Allah ka hau bene da ƙaramin madubinka.

Ɗanka,
Auta

Talata da safe

Zuwa ga ɗana Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, muna nan lafiya, gwiwa da sauƙi. Innarka ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka yi faɗa.

Na hau. Na nemi wurin da ka ba ni, na zagaya kewayensa, ban ga komai ba sai taurari a zaune. Ban ce ƙura ce ba. Amma na duba lambobinka, na ga tsakanin hoto na biyu da na uku tafiyar dutsen ta sauya, alhali dutse ba ya taka birki. Shin an ɗauke muku wuta? In an ɗauke, wa ya daidaita agogon kwamfutar madubi bayan an tada janareto?

Ka huta lafiya.
Kawunka

Talata da rana

Kawu,

Barka da rana. Ashe kai ma layinsu ka bi. Yaro ya ga abu, sai a fara neman inda ya yi ɓarna. Da Dakta ne ya gani, da tuni ana ta buga waya ana taya murna, ba mai tambayarsa agogo. Na zaci kai ka fi ƙarfin wannan.

Na bar wasiƙar nan na je na duba, don in rufe maka baki da hujja.

An ɗauke wuta. Agogon ya ja baya da daƙiƙa casa'in, kuma har yanzu a haka yake. Daidaita shi aikina ne. A littafin aiki an rubuta "an daidaita", da hannuna, da sa hannuna. Ban daidaita ba, Kawu. Kullum daidai nake samunsa, shi ya sa na rubuta kawai na wuce.

Ga lissafin da na gyara. Ka nema a nan, ka tura naka rahoton, ba sai kowa ya ji zancen agogo ba. In Dakta ya ji na yi ƙarya a littafi, ko dutsen ya faɗo masa a tebur sai ya kore ni.

Auta

Laraba da safe

Ɗana Auta,

Ina gaishe ka. Maganganunka na sama na karanta na yafe.

Jiya gwiwa ta hana ni hawa, saura yau kaɗai. Amma ka sani, ko na gan shi, nawa rahoton ba zai haɗu da naka ba muddin lokacinka na kuskure yana cibiya. Za su ɗauka abu biyu ne daban, su watsar da duka. Gyara kuwa daga shugaban gida kaɗai suke karɓa. Ni ba zan rubuta wa Dakta ba. Ofishinsa taku goma ne daga inda kake zaune.

Allah ya yi maka jagora.
Kawunka

Laraba da yamma

Kawu,

Na shiga. Na ajiye masa littafin a buɗe, na ɗora makullan a kai, na faɗi komai a tsaye. Na shirya amsa kala-kala don in ya yi tsawa, sai bai yi ba. Ya sa gilashi, ya ce, "Kawo hotunan." Ya dube su sau uku, ya tura gyaran da kansa, ya ce in fita in ja masa ƙofa.

Makullan suna kan teburinsa. Bai miƙo mini ba, bai kuma jefa su a durowa ba. Ka lallaɓa gwiwar nan, Kawu.

Ɗanka,
Auta

Alhamis da safe

Auta,

Na gan shi, daidai inda ka gyara. Hoto biyar, kuma na duba agogona sau biyu kafin in tura. Je ka gaya wa Dakta. Ka ƙwanƙwasa kafin ka shiga.

Kawunka