Kwanon da Na Aika Kano

Litinin, 7 ga Oktoba
Na aika wa Fatihu ƙuli-ƙulin sabuwar gyaɗa a kwanon Inna mai murfi, ta hannun Mani direba. Tun da ya tafi Kano gyaran waya, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ni dai da rawar kai!

Talata, 8 ga Oktoba
Ina tsinkar gyaɗa a gona saƙonsa ya shigo: "Murja, you are something else." Shi ke nan fa, ko ɗan hoton dariya babu. Na zauna gindin ɗorawa ina ta maimaitawa har kalmomin suka zame min waƙa. Dawa na kaɗawa, ni kuwa ina can Kano, wai ga shi ya buɗe murfin yana murmushi. Awakin maƙwabta suka yi mana ɓarna ina kallo ban gani ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na nuna wa ƙawata Ihsan, ita da ke kwaleji. Wai "ke wata aba ce daban". Na ce daban ta yaya? Ta ce ana faɗa wa wadda ta burge, ana kuma faɗa wa mai shisshigi. Har da dariyarta, 'yar banza. Idan shisshigi yake nufi, wallahi ban san inda zan sa fuskata ba in ya zo gida. Ina son sa. To, na rubuta.

Asabar, 12 ga Oktoba
Ban ci abincin kirki ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Inna ta nemi kwanonta, dole na faɗa mata. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ke da Turancinki! A garin nan wa ya taɓa mayar da kwano wayam? Jira ki ga abin da zai dawo a ciki." Mani ya wuce da yamma, hannu kawai ya ɗaga min.

Laraba, 16 ga Oktoba
Kwano ya dawo, amma ba a motar Mani ba. Gwaggo Amsa, yayar baban Fatihu, ita ta ɗauko shi tun daga Makoɗa inda take aure, cike da goro da alawa. Ta daɗe a ɗakin Inna, har aka kira Baba. Ni kuwa shara ta kama ni a ƙofar ɗakin, wurin da na riga na share.

Ihsan ta bugo, wai ta binciko ainihin ma'anar a intanet. Na ce ta riƙe abinta.

Na wanke kwanon. Ban mayar wa Inna ba tukuna.