Ƙofar Jiya ta Murkalawa

Alaba, Ojo

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin? Tunda kunnenka ba ya ɗaukar waya, na ba Isiyaku direba wannan takarda. A wurin aiki muna haɗa fim ɗin katun a kan Murkalawa, wasu halittu na wata duniya da ke iya komawa zamanin baya. Oga ya ce sai an nuna yadda suka fara. Kai ne gwanin labari, ka taimake ni. Da aiki ya lafa zan leƙo.

Ɗanka,
Mahbub

*

Agege

Zuwa ga ɗana Mahbub,

Gaisuwa da fatan alheri. Jiki sai godiya, ƙafa dai ta daina kai ni masallaci. Ga labarinka.

Al'adar Murkalawa ba sa ajiye gawa. Da rai ya fita, kafin ranarsu mai launin kore ta karkata, an rufe. Akwai wani maƙeri da aka aiko masa cewa uwarsa na jin jiki. Ya ce gobe, ƙarfe na kan wuta. Da ya iso sai ya tarar ana naɗe tabarmi. Baƙin ciki ya hana shi sakat, ya yi ta ƙira har ya ƙera ƙofar da ake shiga a fita a jiya. Ya koma, ya riƙe hannunta, ya ɗauki makararta.

Gari ya yi murna, kowa ya sa aka ƙera masa tasa. Daga nan aka bar zuwa dubiya. In an ce wane ba lafiya, sai a ce, "Bari ya cika, ma koma." Abin da ba su lura ba, tsohon da ake komawa a samu a jiya daban yake da wanda ya zuba wa ƙofa ido yau. Wannan shi kaɗai ya cika, ba mai ba shi ruwa.

Ka huta lafiya.
Mahaifinka, Sunusi

*

Baba,

Ina gaisuwa. Oga ya ce labarin ya yi, sai dai ƙarshen ya yi ɗaci, yara za su kalla. Ka ɗan gyara mana. Kuma Baba, na san da ni kake. Ranar rasuwar Umma goslo ne ya tsare ni a Oshodi, kai ma ka sani. Asabar ina nan tafe, in Allah ya so.

Mahbub

*

Mahbub,

Gaisuwa. Goslo na ranar jana'iza ne. Makon da ta yi tana kiran sunanka hanya a buɗe take.

Ran Asabar na sa an share ɗaki, maƙwabcina Malam Sabiru ya sayo mana tsire. Jiya da almuru, kyanwa ta cinye rabonka.

Ƙarshen labari ku gyara yadda oganka ke so, ni ban san wani ba. Na riga na yi magana da Malam Sabiru: shi zai yi mini wanka, kuma in lokaci ya yi kada a jira kowa.

Allah ya yi maka albarka.
Sunusi